Da Ruwan Ciki Akan Ja Na Rijiya: Gonar Mokwa da Maginar Tukwanen Abuja a Tarihin Raya Karkara

Gabatarwa

Duk wanda ya karɓi canjin naira ashirin a bakin titin Shango, a nan Minna, da wuya ya tsaya ya juya takardar don ya ga abin da ke bayanta, balle a wannan zamani da darajarta ta zube har yara ma suna yi mata kallon hadarin kaji. To amma da zai juya, zai ga hoton wata mata tana aikin ginin tukwane. Sunanta Ladi Kwali, kuma tun shekarar 2007 hotonta yake wurin. Titin nan da mutum yake tsaye a kansa shi ne ya ratsa Chanchaga da Paiko da Lambata ya dangana da Suleja, garin da ta yi kusan shekara talatin tana aiki a cikinsa. A Minna kuma rai ya yi halinsa, ranar 12 ga Agusta, 1984.

Wannan maƙala za ta waiwayi wasu ayyuka guda biyu na raya karkara waɗanda aka ƙaddamar a tsohon Lardin Neja kusan lokaci guda, a ƙarshen mulkin Turawa. Ɗaya gona ce a Mokwa, ɗaya kuwa makarantar ginin tukwane ce a Abuja ta da, wadda a yau ake kira Suleja. Gwamnati guda ce ta yi su, da niyya kusan iri ɗaya, wato a kyautata arzikin ƙasa. Abin da ya raba su shi ne tambayar da kowanne ya fara da ita. Masu aikin Mokwa sun tambayi kansu me mutanen nan suka rasa. Mai aikin Abuja kuwa ya fara da tambayar me suka iya. Za mu ga inda kowace tambaya ta kai masu ita, kuma za mu ga cewa ko ta biyun ma ba ta kai inda ake yawan cewa ta kai ba.

Abin da aka tarar

Kafin Bature ya zo da kalmar "raya ƙasa", garuruwan wannan yanki suna da hanyoyin da suke raya kansu. A ƙasar Hausa kowace sana'a tana da shugabanta: Sarkin Maƙera, Sarkin Pawa, Sarkin Aska, Sarkin Magina, Sarkin Noma. Shi ke sasanta rigimar 'yan sana'a, shi ke tattara su idan aikin gari ya taso, ta hannunsa kuma sarki yake magana da su. Idan aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya sai a kira gayya, a yi tuwo da kunu, makaɗa su zo, a nome gona ko a ɗora jinka kafin rana ta karya. Jari kuwa, uwar adashi ce bankinsa. A Bida ta Nufawa an yi tsari irin wannan har ya fi ƙarfi, domin masu ƙera tagulla da Masaga masu narka gilas su yi munduwa da tsakiya kowanne yana da unguwarsa da shugabansa. Masanin nan S. F. Nadel ya bayyana wannan tsari filla-filla a littafinsa kan Nufawa wanda ya fito a 1942.

Su kuwa Gwarawa, waɗanda suke kiran kansu Gbagyi, kuma waɗanda Minna da kewayenta ƙasarsu ce tun kafin layin dogo ya iso ya jawo Hausawa fatake da ma'aikata, an san mazansu da noman doya da dawa, matansu kuma da ginin tukwane. A nan ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Bahaushe ya daɗe yana yi wa Bagware dariya, har idan magana ta karye a bakin mutum sai a ce ya yi gwaranci. Amma randar da Bahaushen yake shan ruwan sanyi a cikinta a Minna ko Kuta ko Abuja, sau da yawa hannun Bagwariya ne ya gina ta. Raina mutum yakan sa a raina iliminsa, kuma wannan cuta ba Bature kaɗai ta kama ba.

Mokwa, 1949 zuwa 1954

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Ingila ta shiga ƙarancin man girki da kitse, sai hankalin mahukuntanta ya koma ga gyaɗar Afirka. A 1947 suka fara wata ƙatuwar gonar gyaɗa a Tanganyika, wadda ta cinye miliyoyin fam kafin a yi watsi da ita a 1951. Tun ba a gama jin zafin wannan ba, a 1949 Kamfanin Raya Ƙasashen Mulkin Mallaka na Ingila ya haɗa jari da Gwamnatin Nijeriya aka kafa gonar Mokwa a ƙasar Bida. An zaɓi wurin ne saboda yana kan layin dogo, kuma ga daji shimfiɗe babu mutane da yawa, sakamakon yaƙe-yaƙe da harin bayi na ƙarni na sha tara.

A takarda tsarin ya yi kyau. Kamfani zai share daji da injuna, ya yi huɗa da tarakta, ya ba da iri da taki, ya gina ƙauyuka sababbi. Manomi zai taso da iyalinsa ya zauna, a ba shi eka 24 da zai noma kowace damina, shi zai yi noman ciyawa da girbi da hannunsa. Idan amfani ya zo gida, kamfani ya ɗauki kashi biyu cikin uku, manomi ya tashi da ɗaya.

Da an kira dattijo guda daga cikin manoman Mokwa an ba shi tabarma an karanta masa wannan tsari, da ya nuna inda zai karye tun ba a sayi tarakta ko ɗaya ba. Kowane manomi ya san cewa ba huɗa ce take iyakance girman gona ba. Ciyawa ce. Akwai 'yan makonni bayan shuka waɗanda in ba a yi noman fari da maimai a cikinsu ba, ciyawa za ta ci gonar, kuma iyakar abin da magidanci da iyalinsa za su iya bi da fartanya a cikin waɗannan makonni shi ne iyakar gonarsu, ko da an ba su dajin Allah duka. Tarakta ta faɗaɗa gona ninkin-ba-ninkin, amma hannun da zai yi noma bai ƙaru ba. Haka aka yi ta kallon ciyawa tana haɗiye amfanin da aka kashe kuɗi aka shuka. Bugu da ƙari, saiwoyi da kututture da suka rage a ƙasa sun yi ta karya garemanin injuna, kayan gyara kuwa sai an jira su daga Ingila.

Sannan ga maganar rabo. Banufen da yake da gonar gado, wanda ba ƙasa ya rasa ba, me zai sa ya bar garinsu da danginsa ya koma ƙauyen da aka jera ɗakuna kamar bariki, ya yi aikin da ya fi na gida wuya, sannan a ɗebe kashi biyu cikin uku na guminsa? Saboda haka masu zuwa don ra'ayin kansu suka yi ƙaranci, aka koma neman hukumomin En'e su turo mutane. Wanda aka turo kuwa jikinsa ne a gonar, zuciyarsa tana gida. An kuma hana manoman dabarar da suka gada ta haɗa amfani iri-iri a gona ɗaya, dawa da wake da gyaɗa, domin injin yana son layi ɗaya iri ɗaya. Abin ban takaici, daga baya, binciken da David Norman da abokan aikinsa suka yi daga Samaru a ƙauyukan Zariya ya nuna cewa wannan haɗin da aka ɗauka jahilci ne yana ba manomi riba fiye da shuka iri ɗaya, yana kuma tsare shi daga asarar shekara gaba ɗaya.

A 1954 kamfanin ya janye da asara, Gwamnatin Jihar Arewa ta karɓi abin da ya rage, daga baya wurin ya koma tashar binciken aikin gona. Wani masanin tattalin arziki, K. D. S. Baldwin, ya rubuta littafi guda a 1957 kan yadda aikin ya rushe, kuma har yau masu nazarin raya karkara suna kafa misali da shi.

Abuja: Sarki, Bature da maginiya

Yanzu sai mu bar yammacin lardin mu koma gabashinsa. Abuja ta da masarauta ce ta Hausawan Zazzau waɗanda suka baro Zariya a zamanin jihadi tare da Sarki Muhammadu Makau. Ƙanensa Abu Ja ne ya kafa garin wajen 1828, a tsakiyar ƙasar Gwarawa da Koro, garin ya ci sunansa. A 1944 sarauta ta faɗo kan Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina ya kuma taɓa aikin koyarwa. Wannan sarki yana da wata ɗabi'a da ba kasafai ake samunta ba a wancan zamani: yana tara tukwanen matan ƙauyukan ƙasarsa yana ajiyewa a fada, don kyansu kawai.

A 1950 Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu ta ɗauki wani Bature maginin tukwane mai suna Michael Cardew. An haife shi a 1901, ya koyi sana'ar a hannun Bernard Leach a Ingila. Ba baƙon Afirka ba ne, kuma ba baƙon faɗuwa ba ne, domin daga 1942 zuwa 1948 ya yi aiki a ƙasar da ake kira Ghana yanzu, inda masana'antar farko da ya riƙe ta rufe, ta biyun kuma ciwo ya raba shi da ita. Ina ganin wannan faɗuwa ta amfane shi. Wanda ya taɓa shan ƙasa yakan duba inda zai taka.

Abin da ya fara yi shi ne yawo. Ya zagaya ƙasar nan yana zama wurin magina, yana kallon yadda suke haƙo yumɓu da yadda suke cuɗa shi da yadda suke gashi. Rahoton da ya rubuta ya saɓa wa abin da ake tsammani daga ma'aikacin da aka ɗauka don ya "inganta" sana'a, domin cewa ya yi tukwanen gargajiya sun dace da aikin da ake yi da su, kuma bai kamata a taɓa su ba. Hujjarsa ta ilimi ce. Tukunyar da aka gasa a fili da ciyawa da itace, da wuta mai sauƙi, jikinta yana da ƙananan kafofi. Waɗannan kafofi su ke sa ta jure harshen wuta a kan murhu ba ta fashe ba, su ne kuma suke barin ruwa ya riƙa tsattsafowa a jikin randa, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Ga araha, ga sauƙin maye gurbi idan ta fashe. Abin da ya ga za a iya ƙarawa shi ne wani reshe dabam: kwanuka da faranti da kofunan shayi masu ƙyalli, irin waɗanda ma'aikata da attajirai suka fara saye daga waje, a riƙa yin su a gida da ƙasar gida.

Ya zaɓi Abuja saboda akwai yumɓu da itace da ruwa, akwai magina a kewaye, uwa-uba kuma akwai sarkin da ya san darajar abin. A farkon shekarun 1950 aka buɗe Makarantar Koyon Ginin Tukwane. An gina rumfunan aikin da ƙasa da jinka kamar sauran gidajen gari, an gina tanderu mai cin itace wanda zafinsa yake haura digiri 1,200. Ruwan ƙyallin da ake shafa wa kayan, daga duwatsun yankin da tokar itace da farar ƙasa ake haɗa shi. Hausa ce harshen aiki, hatimin da ake bugawa a gindin kowane kwano kuwa sunan Abuja ne da rubutun ajami. Ɗaliban farko maza ne, daga cikin waɗanda suka yi suna akwai Bawa Ushafa da Tanko Ashada da Hassan Lapai, aka koya musu gini a kan faifai mai juyawa.

A fadar Sarki Sulaimanu ne Cardew ya fara ganin tukwanen Ladi Kwali, tun kafin ya san mai su. An haife ta wajen 1925 a ƙauyen Kwali, ta koyi gini tun tana ƙarama a wurin wata 'yar'uwar iyayenta, kamar yadda 'yan mata suke koyo a can. Ba ta shiga aji ba. A 1954 ta shiga makarantar Abuja, ita ce mace ta farko.

Ya dace mu ɗan tsaya a kan yadda take aiki, domin a nan ilimin yake. Maginiyar Gwari ba ta juya tukunya, ita ce take juyawa. Takan ɗora curin yumɓu a kan wani abu mai ɗan tudu, ta huda tsakiyarsa da dunƙulen hannu, ta riƙa jawo bangon sama tana zagaya shi da baya-baya, tana ƙara yumɓu murɗi-murɗi, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, har cikin tulun ya fito, kafaɗa ta rufe, wuya ya tashi. Babu ma'auni, babu injin, amma idan ta gama sai ka rantse da zare aka auna kewayensa. Idan ya sha iska sai ta ɗauki 'yar wuƙa da ɗan murɗaɗɗen zare ko itace mai zane, ta raba jikin tulun gida-gida, ta zana kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da maciji da kifi da tsuntsu. A ƙauye, bayan an gasa, akan yayyafa wa tukunya ruwan makuba tun tana da zafi don ta yi ƙarfi ta yi duhu.

Ladi ta koyi faifai mai juyawa, ta yi kwanuka da faranti da butoci, ta kuma ƙware. Amma ba a raba ta da hanyar gida ba. Ta ci gaba da gina manyan tuluna da hannu, sai dai yanzu da yumɓun da yake jure wuta mai tsanani, a cika zanen da farar ƙasa, a shafe da ruwan ƙyalli mai duhun kore wanda ake hango zanen ta cikinsa, a gasa a tanderu. Wannan aure tsakanin hannun Kwali da wutar Cardew shi ya fitar da sunan Abuja duniya. An baje kayan a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ita kanta ta je Ingila a 1962 ta gina tulu a gaban malaman sana'ar, ta je Faransa da Jamus, a 1972 kuma ta zagaya Amurka tare da Cardew. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girma, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, Gwamnatin Tarayya ta ba ta lambar yabo ta ƙasa ta masu ilimi da fasaha a 1980, da wata lambar kuma a 1981. Bayanta wasu mata sun shigo ta ƙofar da ta buɗe, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa.

Tulun da ba ya sanyaya ruwa

A nan yawancin masu ba da wannan labari suke tsayawa su yi tafi. Amma mai tarihi ba maroƙi ba ne, dole ya faɗi sauran.

Tulun Ladi na tanderu ya fi na Kwali ƙarfi da ƙyalli, sai dai ruwan ƙyallin ya toshe kafofin jikinsa, saboda haka ba ya sanyaya ruwa. Ya kuma yi nauyin da ba macen da za ta saɓa shi a kafaɗa ta tafi rafi, tsadarsa kuwa ta fi ƙarfin gidan da aka ƙirƙiri siffarsa dominsa. Ya tashi daga kayan aiki ya koma kayan kallo. Masu sayensa Turawa ne da manyan ma'aikata da gidajen ajiye kayan tarihi na ƙasashen waje. Kwanuka da kofunan ma haka: talaka ya ci gaba da sayen kwanon sha da langa na kanti, waɗanda suka fi araha kuma ba sa fashewa.

Ainihin burin makarantar shi ne ɗalibai su gama su koma garuruwansu su kafa ƙananan masana'antu. An gwada haka a Sakkwato da Kano, ba su yi ƙarko ba. Dalilin a fili yake. Maginiyar ƙauye jarinta yumɓun bakin rafi ne da ciyawar daji, kasuwarta kuma maƙwabtanta. Sabuwar sana'ar kuwa tana buƙatar tanderu da injin niƙa dutse da itace lodi-lodi da motar ɗauko farar ƙasa da masu saye na nesa, kuma duk waɗannan suna hannun gwamnati. Ɗalibin da ya fito da ilimi a ka, ba jari a hannu, iyakarsa ya nemi albashi a inda ya koya. Dubban matan da suke gini a Kwali da Ushafa da Tatiko ta kusa da Paiko, su kuwa aikin bai ƙara musu ko anini ba. Abin da za a iya cewa shi ne bai rage musu ba, kuma idan aka tuna Mokwa wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

A ganina, Cardew ya amsa rabin tambaya ne. Ya girmama abin da mutane suka iya, ya gina a kansa, shi ya sa aikinsa ya yi saiwa inda na Mokwa ya bushe cikin shekara biyar. Amma mallakar wurin da jarinsa da kasuwarsa ba su taɓa komawa hannun magina ba. Ya bar Abuja a 1965, Michael O'Brien ya riƙe makarantar har 1972. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Neja da hedkwata a Minna, a shekarar kuma aka yanke ƙasar sabon Birnin Tarayya, wanda ya ɗauke sunan Abuja ya kuma haɗa da ƙauyen Kwali. Tsohon garin ya koma Suleja, don tunawa da Sarki Sulaimanu, wanda ya rasu a 1979. An sa wa makarantar sunan Ladi Kwali, amma suna ba ya hura wuta. Da yake komai nata daga baitulmali yake fitowa, da kuɗin gwamnati suka ja baya sai ita ma ta ja baya, har ta kai ga tanderun ya yi shekaru bai ga wuta ba.

Abin da ya tsira

Abin mamaki shi ne abin da ya rayu ba gine-ginen ba ne, mutanen ne. Ɗanlami Aliyu, ɗan Minna, ya koyi sana'ar a Abuja a hannun O'Brien, ya ƙaro ilimi a Ingila, ya dawo ya kafa maginarsa mai suna Al-Habib a Minna. A shekarun 1980 shi da O'Brien suka kafa maginar Maraba a kusa da Kaduna, wadda ta dogara da cinikinta maimakon albashin gwamnati, ta kuma yaye matasa da dama. Ɗanlami ya rasu a 2012. A Bwari ma an sami magina da ta fito daga wannan tsatso. Wato sai da ilimin ya fita daga ofis ya shiga hannun masu kansu sannan ya fara haihuwa.

A waɗannan shekaru ne gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, shi ma ɗan Minna, ta fito da manyan shirye-shiryen karkara: hukumar samar da abinci da hanyoyi da kayan more rayuwa a 1986, shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida a 1987, Bankin Jama'a a 1989, da bankunan al'umma a 1990. A cikinsu ana iya ganin ruhin Mokwa da na Abuja suna kokawa. Inda aka haƙa rijiyar burtsatse aka tafi ba a koya wa ko mutum ɗaya a garin yadda zai gyara famfon ba, ranar da ya lalace ranar ya zama gunki. Inda aka tarar da sana'a aka ɗora a kanta, an ga ɗan abin kirki. Cibiyar ginin tukwane ta Ushafa, wadda aka kafa wa matan garin a ƙarƙashin shirin matan karkara, ita ce Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarci garinta a watan Agusta na 2000.

Sauran duniya ma ta biyo wannan hanya ta nata ɓangaren. A 1979 gwamnan lardin Oita a Japan, Morihiko Hiramatsu, ya fito da shirin "gari ɗaya, haja ɗaya", inda kowane ƙauye zai zaɓi abin da ya fi iyawa ya gyara shi har ya shiga kasuwar ƙasa. A 1993 wasu malaman Jami'ar Northwestern ta Amurka, John Kretzmann da John McKnight, suka wallafa littafin da ya yi tasiri ƙwarai, inda suka yi kira da a daina fara aikin unguwa da lissafin matsalolinta, a fara da lissafin gwanintar mazaunanta da ƙungiyoyinsu da cibiyoyinsu. Hujjarsu ita ce unguwar da aka saba auna ta da rashinta takan koyi kallon kanta a matsayin mabaraciya. Bahaushe ya riga su da daɗewa da ya ce da ruwan ciki akan ja na rijiya, sai dai faɗar karin magana daban, aiki da ita daban.

Idan aka yi irin wannan lissafi a Shango, ba za a rasa abin rubutawa ba. Akwai masu walda da kafintoci da teloli da makanikai a bakin titi, akwai mata masu ƙuli-ƙuli da daddawa da iyayen adashi a cikin gidaje, akwai manoman doya a ƙauyukan da ke bayan unguwar, ga kuma malamai da ɗalibai waɗanda suka iya riƙe alƙalami da littafin lissafi. Mafi yawan waɗannan ba su taɓa shiga takardar wani shiri ba sai a matsayin "masu cin gajiya".

Su kuwa matan Tatiko, roba da kwanon samfolo da firiji sun cinye musu kasuwa mai yawa, kuma 'ya'yansu da suka shiga makaranta ba duka suke son taɓa yumɓu ba. Duk da haka ba su daina gini ba, domin a duk ranar da wutar lantarki ta ɗauke a watan bazara, randa takan tuna wa mutanen Minna amfaninta. A 2022 an baje tukwanen Ladi Kwali a wani babban nuni a Landan, a shekarar kuma kamfanin Google ya sa hotonta a shafinsa na farko na yini guda. Tulunan da suka fito daga hannun 'yan'uwanta na ƙauye kuwa suna nan jere a ƙasa a kasuwar Paiko, ana taya su ana ragi, kuma har yanzu suna sanyaya ruwa.